Ina Ungulayen Oko-Oba?

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, dillalin shanu ne a Agege, saboda haka rabin ƙuruciyata a kwatar Oko-Oba na yi ta. A shekarun 1990, ina ɗan sakandare, duk ranar Asabar nakan bi shi tun da jijjifi in riƙe masa littafin da yake rubuta bashin mahauta. Abubuwa uku ne na wurin ba su gushe a zuciyata ba: kukan shanun da ake saukewa daga tirelolin Arewa, da hayaniyar Hausa da Yarbanci a cakuɗe, sai kuma ungulaye. Sukan jeru a kan rufin kwano, sun sunkuyar da kai kamar masu zaman makoki, suna jiran a watsar da abin da ɗan Adam ya raina. Mu kuwa yara aikinmu jifa. Ba cin ta muke yi ba, ba sayar da ita muke yi ba, mun dai ji manya suna ce mata ƙazama, muka ɗauka jifarta ba laifi ba ne.

Ban sake tunawa da ita ba sai wata rana ina koyar da karin magana a aji, na kawo misali da "ungulu ba ta jewar banza". Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, don Allah wai yaya ungulun take?" Aka yi dariya. Da na nemi wanda ya taɓa ganin ta da idonsa ya ɗaga hannu, sai dariyar ta mutu, domin hannuwan da suka tashi ba su kai biyar ba.

Da hutu ya zo na je Agege, na wuce Oko-Oba. Na ɗaga kai na dubi rufi da katanga, babu ko ɗaya. Na sami wani tsohon mahauci, abokin mahaifina, muka gaisa, na ce, "Baba, ina ungulayen nan?" Ya yi murmushin da ba na daɗi ba, ya ce, "Ɗana, ai sun zama kuɗi. Da kore su muke yi, yanzu neman su ake yi ruwa a jallo." Ya bayyana mini yadda ake barbaɗa guba a kan nama a kashe su, a kai kawunansu da fukafukansu kasuwar 'yan magani, inda masu neman sa'a ko asiri ke saye da tsada. Ya ƙara da cewa dogayen itatuwan da suke sheƙa an sare su an yi gine-gine, kuma ƙashi da jini da ƙaho da ake zubarwa a da, yau duk suna da masu saye.

Maganar dattijon ta sa na shiga karance-karance, na iske masana sun tabbatar da ita. A shekarar 2015 Ƙungiyar Kiyaye Halittu ta Duniya, wato IUCN, ta sanya irin ungulun da muka sani a kwata cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa. Wani bincike da aka buga a 2016 ya nuna cewa guba da fataucin sassan jiki su ne sanadin kimanin kashi 90 cikin 100 na mutuwar ungulayen Afirka da aka samu rahotonta. Ga shi kuma ƙwai ɗaya tak take yi a sheƙa, don haka duk wadda aka kashe ba a mayar da gurbinta da wuri.

A cikin wannan karatu ne na ci karo da labarin wata tsuntsuwa ta wata nahiya da ta leƙa wannan rami ta dawo, wato mikiya mai farin kai ta Amurka. Turawa na kiranta mai sanƙo, alhali ba sanƙo gare ta ba, farin gashi ne. Mai sanƙon gaske ita ce tamu. Tun 1782 hotonta ke kan hatimin ƙasar, amma wannan bai hana manoma da maharba bindige ta ba, har sai da aka kafa dokar kare ta a 1940. Daga baya wata masifar ta zo ta hanyar maganin ƙwari mai suna DDT. Ruwan sama ya wanke shi zuwa koguna, ya shiga jikin kifi, mikiya ta ci kifin, sai ɓawon ƙwanta ya yi laushi, ya riƙa fashewa idan ta kwanta a kansa. A 1963, a jihohi 48 na ƙasar, ban da Alaska da Hawai, ma'aurata 417 kacal aka sani suna sheƙa.

Shekara guda kafin nan, a 1962, wata masaniya mai suna Rachel Carson ta wallafa littafin Silent Spring, wanda ya farkar da jama'a kan illar irin waɗannan magunguna. A 1972 aka haramta DDT, a 1973 aka kafa dokar kare halittu masu fuskantar ƙarewa. Aka tsare itatuwan da take sheƙa, aka reni 'ya'yanta a hannu ana sakin su a wuraren da ta ɓace. A 2007 aka cire ta daga jerin masu fuskantar haɗari, kuma ƙiyasin hukumar kula da namun daji ta ƙasar da aka fitar a 2021 ya kai adadinta kimanin 316,700. Ashe dai halitta takan farfaɗo, muddin an gano abin da ke kashe ta, kuma an janye shi da gaske.

Sai dai mai karatu ya lura da wani bambanci. Amurkawa sun ceci tsuntsuwar da suke alfahari da ita, wadda ke kan kuɗinsu da fasfonsu. Mu kuwa jarrabawarmu ta fi tsanani, domin wadda ake neman mu ceta ita ce wadda muka tashi muna jifa, wadda harshenmu ya mayar abin zagi. Mikiya muke yi wa kirari da hangen nesa, ungulu kuma mu bar ta da ƙazanta, alhali ita ma mikiyar Amurka mushe take ci idan ta samu. Ungulu ba ita ta kawo ƙazanta ba, kwashe ta take yi. Ruwan cikinta na da ƙarfin da ke kashe ƙwayoyin cuta masu yawa, ta cinye mushe kafin ya ruɓe ya tara ƙudaje da karnuka.

Indiya ta ɗanɗana kuɗar rashinta. A shekarun 1990 wani maganin ciwo da ake yi wa shanu, diclofenac, ya hallaka fiye da kashi 95 cikin 100 na wasu nau'o'in ungulayen ƙasar, kafin a hana ba dabbobi shi a 2006. Mushe ya yawaita, karnukan titi suka hayayyafa. Wani bincike na 2024 ya ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo ƙarin mutuwar mutane kusan 500,000 tsakanin 2000 da 2005.

A nan gida ma ba a zauna haka nan ba. Gidauniyar Kiyaye Muhalli ta Nijeriya, NCF, mai hedikwata a Lekki, ta daɗe tana zama da masu maganin gargajiya don su koma ga tsirrai a madadin sassan ungulu, kuma duk Asabar ta farko ta watan Satumba akan yi ranar ungulu ta duniya. Amma aikin ya fi ƙarfin gidauniya guda. Yana buƙatar sarakunan fawa su hana zuba guba a kwata, masu saye su ji kunyar saye, mu kuma malamai mu gyara abin da muke cusa wa yara.

Hausawa kan ce ungulu ta koma gidanta na tsamiya. Da na koma aji na ba ɗalibar nan amsarta, na kwatanta mata tsuntsuwar gwargwadon iyawata, na kuma gaya mata cewa ina cikin waɗanda suka jefe ta. Fatana shi ne a bar tsamiyar a tsaye, a bar ungulun da rai, ko 'ya'yan wannan ɗaliba sa ga jewarta da idonsu.