Gwangwanin Kawu da Na'urar Zuƙe Iska

A cikin kwale-kwalen kawuna akwai wani gwangwanin madara da babu yaron da ya isa ya taɓa. Wurin zamansa ɗaya ne, ƙarƙashin katakon da mai tuƙi ke zama a kai, an naɗe bakin murfinsa da robar cikin tayar keke har zagaye uku. Ranar da na fara ganin an buɗe shi muna tsakiyar tafkin Kainji ne, tsakanin Yauri da Warra, a farkon shekarun 1980. Inji ya yi tari sau biyu ya mutu, ga hadari ya haɗo daga gabas. Mata suka fara salati. Kawu bai ce uffan ba. Ya jawo gwangwanin, ya warware robar, ya ciro wani ɗan ƙunshin tsumma da ya sha baƙin mai, ya buɗe shi, sai ga fulogi yana ƙyalli kamar yau aka sayo shi. Ya goge, ya ɗaura, ya ja igiya, inji ya kama.

Da muka kai gaɓa na tambaye shi me ya sa yake naɗe ƙarfe a tsumma kamar jariri. Ya ce, “Ɗana, ruwan da ke ƙarƙashin jirgi kowa na ganinsa. Wanda ke cikin iska shi ne ɓarawo.”

Na daɗe kafin na gane cewa abin da ya faɗa shi ne abin da ake koyarwa a makaranta. Ƙarfe ba ya tsatsa sai iska da danshi sun haɗu a kansa. Ka raba shi da ɗaya daga cikinsu, ka tsirar da shi. Baƙin mai da giris suna raba shi da duka biyun. A cikin gwangwanin nan akwai fulogi huɗu, da sifanar fulogi, da igiyar tayar da inji ta ko-ta-kwana, da ’yan filfil na farfela waɗanda ke karyewa idan farfelar ta daki kututture. Kututture kuwa ba ya wuya a tafkin, domin lokacin da aka kammala madatsar Kainji a 1968 ruwa ya shanye gonaki da dazuka da garuruwa, har da tsohuwar Bussa, aka sake wa mutum fiye da 40,000 matsuguni, itatuwa kuma suka zauna a tsaye a ƙarƙashin ruwa. Duk mai jirgin da ya fita ba fil a ajiye, ya san da filafili zai dawo gida. Ashana ma a gwangwanin take kwana, a cikin leda, an liƙe bakin ledar da harshen kyandir.

Wannan liƙi da kyandir sana’a ce mai zaman kanta. Inna, matar Kawu, ita ta fi kowa iyawa a gidan. Za ta zuba garin yaji ko daddawa a leda, ta matse, ta kai bakinta ta zuƙe iskar da ta rage, ta ninke bakin ledar a kan kaifin wuƙa, sannan ta bi shi da wuta a hankali har ya narke ya manne. Idan ƙunshin babba ne sai ta nutsa shi a bokitin ruwa har kusa da baki, ruwa ya tura iskar waje, ta ɗaure. Guzurin masu tafiya su mai nisa ba ya wuce abin da ya riga ya bushe: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, tsakin gero, kuka, gishiri, barkono, wani lokaci kilishi idan da hali. Sarkawa sun saba da tafiyar watanni, su gangara Kwara har Lokoja, wasu su hau Binuwai, wasu su nausa tafkin Chadi, wanda a shekarun 1960 faɗinsa ya kai kimanin murabba’in kilomita 25,000 kafin farin 1973 da na 1984 su tsotse shi. Mai irin wannan tafiya ba ya ɗaukar abin da zai yi funfuna a kwana uku.

Babban aiki dai yana wurin kifi. Kusan kashi uku cikin huɗu na jikin ɗanyen kifi ruwa ne, kuma a zafin ƙasarmu kifin da aka kama da asuba ya fara sauya wari kafin la’asar. Ƙanƙara ba ta isa tsibirai da tungaye ba. Saboda haka wuta ce mafita. A yanka tarwaɗa ko giwan ruwa gunduwa-gunduwa, ko a lanƙwasa ƙanana a soke bakinsu da jela, a jera a kan waya bisa rabin ganga ko murhun laka, a yi ta juyawa. Mai gaggawa yakan sauke bayan yini ɗaya, kifi ya yi launi mai kyau amma cikinsa da laushi. Wannan na cin yau da gobe ne. Banda ta gaskiya, irin wadda ake lodawa daga Baga zuwa Maiduguri ta wuce har Onica, sai ta kwana biyu ko uku a kan hayaƙi, har idan ka ƙwanƙwasa ta ka ji ta kamar itace. Ƙananan kifin nan warangi kuwa a rana ake shanya su. A Ghana, tun 1969, matan unguwar Chorkor da ke Accra suka fara amfani da murhu mai faifai da yawa a ɗora a kan juna, wanda ke rage cin itace, ya kuma bazu a Afirka ta Yamma.

Ba zan yi wa zamanin da ado ba, domin na ga asararsa da idona. Banda tana da maƙiyi, wani ɗan baƙin ƙwaro da ke saka ƙwai a jikinta, tsutsarsa ta cinye naman ta bar fata da ƙaya. Za a buɗe kwali a kasuwa a tarar da gari a ƙasa. Da damina kuma bandar kan sake shan danshi daga iska ta yi funfuna, sai an mayar da ita kan wuta, kowace mayarwa kuwa nauyi ne ke raguwa, kifi ne ke ragargajewa. Daga nan ne mugun abu ya shigo: wasu suka koma yayyafa wa kifi gamalin da sauran magungunan ƙwari don ya kai kasuwa lafiya. Kifin yakan kai, amma gubar tana tafiya tare da shi har cikin tukunyar mai saye. Har yau wannan ɗabi’a ba ta mutu ba, sunan maganin kawai ya sauya.

Matsalar ba tamu ba ce mu kaɗai. Jiragen Turawa sun yi ɗaruruwan shekaru suna ratsa teku da naman gishiri a ganga da busasshen biskit mai cike da ƙwari. Bukatar ciyar da sojoji da matuƙan jirgi ce ta sa gwamnatin Faransa ta ba Nicolas Appert ladan faran 12,000 a 1810, bayan ya nuna cewa abincin da aka rufe a kwalba aka dafa yana daɗewa. Daga nan abincin gwangwani ya samo asali. Na’urar zuƙe iska jikanyar wannan tunani ce. Masana’antun nama suka fara aiki da ita, sannan aka yi ƙarama ta gida.

A bara na ga irinta a hannun ɗan kawun nawa, wanda ya gaji jirgin. Tsawonta bai wuce kamu biyu ba. Ka sa kaya a wata leda mai kauri, mai ’yan layuka a cikinta da iska ke bi ta fita, ka sa bakin ledar a na’urar, ta yi gurnani ta zuƙe, sannan wata zazzafar waya ta liƙe bakin. Wutar da take ci kaɗan ce, batirin sola da inbata sun ishe ta. Masu ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da iska da ke ratsa tekun Atilantika, tafiyar da kan ɗauki kusan mako uku daga tsibiran Kanari zuwa Karibiyan, sun daɗe suna amfani da ita, domin iskar teku mai gishiri ta fi tamu cin ƙarfe. Da na tsaya ina kallonta sai na ga Inna da wuƙarta da kyandirinta.

Ga kayan inji, ban ga abin kushewa ba. Boris, gaskit, fulogi, kayan cikin kafireta, wayoyin wuta, duk ɗan Kawu ya shafa musu ɗan mai ya rufe su ɗaya-ɗaya, ya jefa ɗan ƙullin nan mai shan danshi da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi. Ana ganin abin da ke ciki ba sai an buɗe ba, ya kuma rubuta suna a jiki. Mai kaifi yakan naɗe shi da tsumma tukuna don kada ya huda ledar. Takardun jirgi, maganin zazzaɓi, ashana, tocila, duk sun samu mafaka, ko jirgi ya sha ruwa ba abin da zai same su. Tsadar ledar ce kawai ciwon kai, don daga waje take zuwa. Garin kwaki da shinkafa da wake ma suna jin daɗinta, ƙwari ba sa rayuwa inda babu iska.

Inda hankalina ya tashi shi ne da na ga ya rufe tarwaɗa mai laushi, ta hayaƙin yini ɗaya, yana cewa za ta yi wata guda. Na ce masa, “Ƙanena, buɗe wannan yanzu.” Akwai wata ƙwayar cuta da ke zaune a laka a ƙasan tafki da cikin hanjin kifi, ita kuma inda babu iska ne take bunƙasa. Idan ta samu kifi mai ruwa a jiki, gishiri kaɗan, ga ɗumi, ga leda a rufe, sai ta fitar da gubar da ke jawo cutar da ake kira botulizim. Kifin ba lallai ya yi wari ba. Wanda ya ci zai fara ganin abu biyu-biyu, haɗiya ta gagara, daga nan numfashi ya tsaya. A 1963 mutane sun mutu a Amurka ta wannan hanya, bayan sun ci kifin hayaƙi na manyan tafkunan ƙasar da aka rufe a leda ba iska aka bar shi ya yi ɗumi a hanya. Na’urar iska take cirewa, ba ta cire ruwan da ke cikin nama, ba ta kuma kashe ƙwayar cuta. Ɗanyen kifi ko mai laushi, idan an rufe shi, dole ya zauna cikin ƙanƙara. A jirgin da ba ƙanƙara, bandar da ta bushe ƙarau ce kaɗai ta cancanci shiga wannan leda, kuma a nan amfaninta babba ne, don tana hana ƙwaro da danshin damina ba tare da ɗigon gamalin ba.

Gwangwanin Kawu yana nan har yanzu a ƙarƙashin katakon, robar ce kawai aka sauya. A cikinsa ake jera ƙananan ledojin, domin ɓera ba ya jin kunyar leda. Kirana ga masunta da dillalan kifi, daga Yauri har Baga: wanda ya samu halin sayen na’urar nan ya saya, ya fara da kayan inji da busasshen guzuri. Kifi kuwa a bar shi a kan wuta har ya bushe sosai, ya huce, sannan a rufe, kuma a daina zuba masa maganin ƙwari.