Bangon Wa Ne?

Ana saura 'yan kwanaki zaɓen 2023 muka wayi gari muka tarar an rubuta sunan wani ɗan takara da baƙin fenti a katangar gidanmu. Baƙaƙen manya-manya ne, har suka hau kan zanen dagin da magini ya yi a gefen ƙofar zaure tun zamanin kakana. Baba bai ce uffan ba, sai ya miƙo mini bokiti da burushi. Na wuni ina gurza ina tsine wa mai wannan ɗanyen aiki. Fenti ya fita, amma ya tafi da rabin dagin.

To, jama'a, kafin ku tausaya mini, bari in tona wa kaina asiri. Bara wani abokinmu ya rasu a hatsarin mota. Daren da labari ya zo na ɗauki gawayi na rubuta laƙabinsa a bangon matakalar ɗakunan kwananmu. Kafin mako ya zagayo wani ya ƙara addu'a, wani ya zana hular da ya saba karkatawa, har wurin ya cika. Da muka dawo hutu sai muka ga an shafe shi da fenti ruwan madara. Wallahi na ji zafi, ban kuwa tuna da bokitin Baba ba sai daga baya.

Wannan rubutu da zane a bango ba tare da izini ba shi Turawa ke kira girafiti, kuma ba yau aka fara ba. A Fomfe ta ƙasar Italiya, wadda aman wutar dutse ya binne a shekara ta 79, an tono bangaye ɗauke da tallan 'yan takara da zagi da maganar soyayya. Amma a birnin Niyok na Amurka ne abin ya zama rigima. A 1971 jaridar New York Times ta ba da labarin wani yaro ɗan aike mai rubuta TAKI 183 duk inda ya bi, wato laƙabinsa da lambar titinsu. Samari suka ɗauka, suka rufe jiragen ƙasa da launuka, hukuma ta yi ta kokawa da su har 1989.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na wani tsohon ginin masana'anta a birnin, mai suna 5Pointz. Mai ginin da kansa ya yarje wa masu zane, suka shekara da shekaru suna ƙawata shi. A 2013, da ya so ya rushe ya gina gidaje, sai ya sa aka shafe kome da farin fenti cikin dare ɗaya. A 2018 alƙali ya ce ya biya masu zane 21 diyyar dala miliyan 6.75. Ka ji, mai karatu: bango nasa, amma abin da ke jikinsa ba nasa kaɗai ba ne.

Shin fasaha ce? A ganina yawancinsa ba ita ba ce. Wanda ya ɓata mana dagi kuɗinsa aka biya shi, ko baƙaƙensa ba su miƙe ba. Sai dai ban yarda izini ne ke raba fasaha da ɓarna ba. Dubi garuruwanmu: "An hana fitsari a nan", "Wannan gida ba na sayarwa ba ne". Masu gida ke rubuta su, munana kuwa ƙwarai, ba mai cewa ƙala. Hular abokinmu ba ta da izinin kowa, amma duk wanda ya san shi, in ya zo wurin sai ya rage sauri.

Mu ɗaliban Hausa mun daɗe muna nazarin karin magana da kirarin da ake rubutawa a jikin manyan motoci. Na bango kuwa muna wuce shi kamar ba da Hausa aka yi ba, alhali can ne wanda ba a ba shi fili a ko'ina ba yake faɗin ta cikinsa. Na fara kwafe su a littafi kafin mai fenti ya riga ni.

Dagin gidanmu dai yana nan rabi. Baba ya nemi maginin da zai gyara, an ce wanda ya iya a unguwarmu ya tsufa, ba ya hawa tsani.