Ambe a tashar Monrobiya, 1990

Ambe jirgin dako ne, ƙirar Jamus, wanda rundunar sojan ruwan Nijeriya ta samu a ƙarshen shekarun 1970 tare da ɗan'uwansa Ofiom. Gindinsa shimfiɗaɗɗe ne don ya iya kai hanci har gaɓa, gabansa kuma yana buɗewa, a sauke gada, mota ta fita da kanta. Ni a siton jirgin nake aiki a lokacin. Buhu da jarka da akwati, abin da ya shiga da abin da ya fita, duk a littafina suke.

Yaƙin Laberiya ya ɓarke ne a Disambar 1989, lokacin da mayaƙan Charles Taylor suka ƙetaro daga Kwaddibuwa suka shiga yankin Nimba. Kafin damina ta yi nisa sun kewaye Shugaba Samuel Doe a fadarsa. A farkon Agustan 1990 shugabannin ECOWAS suka zauna a Banjul suka kafa rundunar ECOMOG, da sojojin Nijeriya da Gana da Gini da Saliyo da Gambiya, ƙarƙashin Janar Arnold Quainoo na Gana. A Firitawun aka tara mu.

Sojan ƙasa jarumi ne har sai ya hau ruwa. Jirgi mai shimfiɗaɗɗen gindi ba ya yanka igiyar ruwa, hawa yake yi ya faɗo, ga shi watan Agusta teku ba ta da mutunci. Na ga ƙatti sun kwanta tsakanin tayoyin motoci, bindiga a ƙirji, suna ta amai. Wani kofur ɗan wajen Zuru ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗan'uwa, ku kai mu ƙasa kawai, ko da harbi ake yi." Ranar 24 ga Agusta muka kai su, kuma harbin ake yi. Tashar Monrobiya tana tsibirin Bushrod, a hannun Prince Johnson, madugun wani ɓangaren 'yan tawaye, wanda ya yarda mu sauka. Taylor bai yarda ba, mutanensa suka yi ta sako wuta daga nesa, mu kuwa muna fitar da kaya, don jirgin da ya buɗe gaba ba shi da saurin juyawa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ruwan sha. Famfunan birnin sun daina kawo ruwa, abinci ya ƙare, mutane suka yi ta kwararowa tashar saboda sun ji an ce jiragen gida sun iso. Akwai 'yan Nijeriya da 'yan Gana da 'yan Gini waɗanda mayaƙan Taylor suke farauta don ƙasashensu sun turo soja, akwai Mandingo da ake kashewa saboda ana ɗaukarsu magoya bayan Doe. Ruwan tankinmu an auna shi ne don ma'aikatan jirgi da sojoji, ba don taron jama'a ba. Muka daina wanka da ruwan daɗi, muka koma na gishiri, sabulu ba ya ko kumfa, jiki ya yi ta ƙaiƙayi. Ban ji wanda ya yi ƙorafi ba, kuma har gobe ina alfahari da wannan.

Wata safiya ina raba ruwa da gwangwanin madara, wani tsoho ya zo kan layi, ƙafafunsa sun kumbura, babbar rigarsa ta koma launin ƙasa. Ya ji ina yi wa abokin aikina Hausa, sai ya tsaya cak. "Ɗana, kai na ina ne?" Na gaya masa. Ya ce shi fatauci ya kawo shi tun kafin a haife ni, shagonsa ya ƙone, bai san inda 'ya'yansa biyu suke ba. Na cika masa gwangwani. Ya sha rabi, ya tambaye ni ko zai iya alwala da sauran. Na ce, "Baba, shanye, ka yi taimama, Allah ya ga halin da ake ciki." Ya shanye, hannunsa na rawa, ya koma gefe ya buga tafinsa a kan simintin tashar. Da yawa daga cikin waɗanda jirage suka kwaso a watannin nan, musamman 'yan Laberiya, a sansanin Oru na Jihar Ogun suka ƙare, wasunsu suka shekara da shekaru a can.

Ranar 9 ga Satumba Doe ya zo hedikwatar ECOMOG a cikin tashar nan da muke sauke kaya, mutanen Johnson suka kama shi suka tafi da shi suka kashe. Abin ya zubar wa rundunar da mutunci ƙwarai. Kafin watan ya ƙare aka turo Manjo Janar Joshua Dogonyaro ya karɓi ragamar rundunar, kuma ni a littafin sito na fara ganin canjin: akwatunan harsashi da na igwa suka fi buhunan shinkafa yawa. Kayan komawa ma suka canja. Inda muka jera motoci a zuwa, nan muke shimfiɗa masu rauni a dawowa, wani lokacin da waɗanda aka lulluɓe. Mu muke wanke wurin da ruwan teku kafin a sake lodi.

ECOMOG ta kori mayaƙan Taylor daga cikin birnin, aka zaunar da gwamnatin riƙon ƙwarya ta Amos Sawyer, a ƙarshen Nuwamba kuma aka sa hannu kan tsagaita wuta a Bamako. Yarjejeniyar ba ta ɗore ba, sojojinmu suka ci gaba da zama a Laberiya har ƙarshen shekarun 1990.