Baba Ya Ce Kiɗa Yake Ji, Ba Ya Jin Magana

Falon zamani don ido aka gina shi. Tayil a ƙasa, bangon siminti an shafe shi sumul, silin mai sheƙi, faffaɗan gilashi a taga, ga teburin gilashi a tsakiya. Duk wanda ya shigo sai ya ce masha Allah. Amma tsaya a tsakiyarsa ka tafa hannu sau ɗaya, za ka ji wata siririyar ƙara tana bin bayan tafin. Sautin ne yake kai-komo tsakanin bango biyu masu kallon juna, ya rasa abin da zai shanye shi.

Mu abin ya shafe mu ne ta wajen Baba. Shekarunsa sun haura saba'in, kuma nishaɗinsa bayan la'asar bai wuce waƙoƙin Shata da Ɗanƙwairo da muka juye masa daga kaset zuwa waya ba. Tun da ya dawo wajenmu da zama, kullum sai ya ce, "Ku yaran nan, ku ƙara murya." A ƙara, ya girgiza kai ya ce kiɗa yake ji, ba ya jin magana. Gaskiya ya faɗa. Kunnen da ya manyanta siraran sautuka yake fara rasawa, irin su s da sh da ts, waɗanda suke bambanta kalma da 'yar'uwarta. Idan ɗaki yana amsa-kuwwa, wutsiyar kalmar farko tana hawa kan ta biyu, kuma ƙarin murya ƙarin amsa-kuwwa ne. Waƙar Hausa kuwa magana ce. Wanda zambo ya wuce shi, kirari ya wuce shi, kalangu kawai aka bar masa.

Matsalar tsohuwa ce. A 1895 Jami'ar Harvard ta Amurka ta ɗora wa wani matashin malamin kimiyya, Wallace Sabine, aikin gyara wani ɗakin lacca da murya ke yin fiye da daƙiƙa 5 a cikinsa kafin ta mutu. Da dare yakan kwaso matasan kujeru daga wani zauren da ke kusa, ya shimfiɗa su, ya busa sauti, ya auna da agogo, ya mayar da su kafin gari ya waye. Abin da ya gano shi ne girman ɗaki yana tsawaita amsa-kuwwa, yawan kaya masu laushi yana gajarta ta. Mun ji daɗin wannan labari, don ilimin ya fara ne da matashin kujera, abin da kowane gida yake da shi.

Mun fara da abin da ba ya cin kuɗi. Lasifikokin biyu suna manne da bango, ɗaya ma a lungu bayan kujera. Lungu yana kumbura sauti mai kauri har ya danne murya, saboda haka muka jawo su gaba kamar taku biyu, muka ɗora su a kan abin da ya kawo su daidai kunnen mutum yana zaune. Muka sa tazarar da ke tsakaninsu ta yi daidai da tazarar kowacce zuwa kujerar Baba, wato kusurwa uku madaidaita kamar duwatsun murhu, muka ɗan karkato fuskokinsu gare shi. Ita ma kujerar muka raba ta da bangon baya. Nan take muryar mawaƙin ta tattaru wuri ɗaya, ta tsaya a tsakiya inda babu lasifika ko ɗaya. Baba ya daɗe yana kallon wurin.

Sai aikin madubi. Mutum ɗaya ya zauna a kujerar, wani ya riƙa jan madubi a jikin bangon gefe. Duk inda na zaune ya hango lasifika a cikin madubin, nan ne sautin yake fara dukan bango ya dawo kunne, a makare kaɗan, ya gurɓata na asali. A gefe ɗaya muka rataya darduma mai kauri, muka bar 'yar rata tsakaninta da bango, ɗaya gefen labule mai nauyi ya tsaya masa. Kafet ya rufe tayil daga lasifika zuwa ƙafar Baba. Teburin gilashi ya koma gefe, kuma a nan aka yi muhawara, don uwargida ta ce falo ba situdiyo ba ne, baƙi ma suna da haƙƙi. Aka shirya a kan cewa ranar da ake da baƙi ya dawo mazauninsa.

Wasu abokai sun ba mu shawarar liƙa kiret ɗin ƙwai a bango. Ba mu bi ba. Kwali ne siriri, abin da yake shanyewa kaɗan ne, ga shi abincin wuta.

A nan muka tuna ɗakin kakarmu a ƙauye: ginin ƙasa mai kauri, bangon da ba shi da santsi, rufin azara, gado da katifa, tabarmi, buhunan hatsi a lungu. Ƙaramar rediyo mai batir ce a ciki, amma labaran duniya suna fita tar. Ba wanda ya zauna ya lissafa komai, kayan rayuwa ne suka yi aikin.

Abin da ya gagari darduma shi ne sauti mai kauri. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, kuma falonmu mita 4 ne a tsawo, don haka sautin da ke girgiza kusan sau 43 a daƙiƙa yana taruwa a jikin bango, ya yi rauni a tsakiyar ɗaki. Igiyarsa ta kai mita 8, labule bai isa ya tare ta ba, sai abu mai kauri sosai a lunguna. Mun jingina tsohuwar katifa a lungu ɗaya, ta ɗan rage. Na biyun ƙofar kicin ce a wurin, sai muka rage kaurin sautin daga na'urar, muka bar shi haka.