Motar Doki a Lungunan Birnin Kano

Domin doki aka yanka hanyoyin cikin birnin Kano. Duk wanda ya shiga ta Ƙofar Mata ya ratsa Yakasai, ko ya bi ta Soron Ɗinki ya ɓulla Ƙofar Kudu, zai iske lungunan da faɗinsu bai wuce na mahayi ɗaya da zaginsa ba. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, doki ya samu gurbi a tsarin sarauta: ga Madaki jagoran mahaya, ga Shamaki mai kula da bargar sarki. Har gobe a Kasuwar Kurmi ana sayar da sirdi da linzami da likkafa da jalala, kuma a bayan zaurukan wasu gidaje za ka ji haniniyar ingarma a turke, ka shaƙi ƙamshin harawa.

Abin da ya sauya shi ne tafiyar. A da, doki ne ke kai kansa ko'ina, hakimi ya taso daga gundumarsa da jama'arsa kwanaki kafin Sallah, suna yada zango a hanya. Yau kwalta mai zafi da santsi ta mamaye hanyoyin, Adaidaita Sahu da babura sun cika su. Dokin da aka sayo a kasuwar Maigatari, ko wanda za a kai wasan folo Katsina ko Kaduna, ko wanda aka yi haya domin hawan angwanci, sai a mota. Motar da Turawa ke ƙerawa musamman domin wannan aiki kuwa ta fi ƙarfin aljihun yawancin masu dawaki, don haka suka koma ga 'yar kanta, wato Mitsubishi Canter, da 'yan uwanta, suka miƙa su ga masu walda.

A Ƙofar Ruwa ake samun kayan aikin: bututun ƙarfe, da farantai, da tsofaffin sassan mota. Mai walda ya ɗaga bodi, ya kewaye shi da ƙarafa, a ɗaura tamfol a sama. Cikin 'yan kwanaki an gama. Hikimar ta burge ni, domin jikokin maƙeran da suka ƙera linzami ne ke ƙera wa doki mota. Amma na ga irin waɗannan motoci da dama a bakin ganuwa, kuma mafi yawansu keji ne kawai aka ɗora a kan motar siminti.

Doki ba buhu ba ne. Nauyinsa a sama yake, bisa dogayen ƙafafu, kuma yana motsi. Idan mota ta sha kwana ya jingina gefe ɗaya, sai ya ja ta zuwa can. Shi ya sa ake bukatar shinge mai ƙarfi tsakanin doki da doki, a naɗe shi da abu mai taushi, musamman da yake ingarmu muke hawa, su kuwa ba sa ga maciji da juna. Daɓen motar ya fi komai muhimmanci, kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Farantin ƙarfe tsirara yana da santsi a ƙarƙashin kofato, yana ɗaukar zafin rana, fitsari kuma yana cinye shi da tsatsa a hankali har ranar da ƙafa za ta burma alhali mota na gudu. Katako mai kauri a kan ƙarafa masu ƙarfi, da shimfiɗar roba a samansa, da kafar da ruwa zai bi ya fita, su ne maganin wannan. Sai a goge duk wani tsinin walda, a kuma karkatar da salansa kada hayaƙi ya riƙa shiga.

Hawa da sauka ma wani babi ne. Yawancin motocin ba su da matakala, sai a nemi tudu ko tarin ƙasa a ja da baya a jingina, wasu na ja da ragama, wasu na kora da bulala. Dokin da ya taɓa zamewa a irin wannan wuri ba ya mantawa. Ƙofar baya mai saukowa ƙasa, doguwa yadda gangararta ba za ta yi tsanani ba, da ƙananan katakai a gicciye domin kofato ya samu madafa, ba ta kai kuɗin sirdi mai kyau ɗaya ba.

Akwai kuma abin da likitocin dabbobi suka daɗe suna faɗa: idan aka ɗaure kan doki sama na tsawon sa'o'i, ba ya iya sunkuyawa ya fitar da majina da ƙura, daga nan ciwon huhu kan biyo baya. A sassauta igiya, a bar iska ta ratsa, a tsaya a ba shi ruwa, a kuma taso da asuba a watannin bazara.

A watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya. Mun yi murna, kuma ya dace. Sai dai masu kallon Hawan Daushe da Hawan Nasarawa ado suke gani, ba sa ganin yadda dabbar ta iso. A ganina, masarauta da likitocin dabbobi da shugabannin masu walda za su iya zama su fitar da zane ɗaya mai sauƙi, da Hausa, wanda kowane mai walda zai liƙa a rumfarsa. A haɗa da direbobi a zaman, domin wanda ya saba dakon yashi yakan taka birki yadda ya ga dama, kuma sai an nuna masa cewa da doki a baya tun daga nesa ake fara rage gudu.