Sallamar Ɗalibi Daga Zaurukan Sada Zumunta a Lokacin Jarrabawa

A kowace shekara, daga shigowar bazara zuwa tsakiyar damina, ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare a Nijeriya kan fuskanci manyan jarrabawa uku a jere, wato ta shiga manyan makarantu wadda hukumar JAMB ke shiryawa, da ta kammala sakandare ta hukumar WAEC, sai kuma ta NECO wadda kan kai su watan Yuli. A irin waɗannan watanni ne ake yawan ganin gajerun saƙonni a zaurukan WhatsApp da na Facebook, inda matashi kan yi sallama ya ce zai ɗan ɓace na wata uku saboda karatu, ya roƙi a sa shi a addu'a. Mutane da yawa kan ɗauki wannan a matsayin ƙaramin abu, wasu ma kan yi masa ba'a, alhali yana cikin shawarwari mafi nauyi da ɗan shekara goma sha bakwai zai iya yanke wa kansa.

Nauyin abin yana fitowa fili idan aka dubi tsarin jarrabawar JAMB, wadda tun daga shekarar 2015 ake yin ta kacokan a kan kwamfuta, inda ɗalibi zai amsa tambayoyi 180 a darussa huɗu cikin awa biyu, abin da ke nufin daƙiƙa arba'in ke nan ga kowace tambaya. A shekarar 2025, daga cikin ɗalibai sama da miliyan 1.9 da suka zauna, fiye da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba a sakamakon farko da aka fitar. Rashin adalci ne a ɗora wa waya wannan laifi gaba ɗaya, domin akwai cunkoson azuzuwa da ƙarancin malamai da rashin wutar lantarki, kuma hukumar da kanta ta amsa cewa tangarɗar na'ura ta shafi ɗalibai kusan dubu 380 a waccan shekara. Sai dai duk waɗannan matsaloli sun fi ƙarfin ɗalibi ya gyara su cikin wata uku, wayar da ke aljihunsa kuwa yana da iko a kanta.

Ɓarnar da zaure ke yi wa karatu ta wuce mintunan da aka ƙirga ana kallon waya. A shekarar 2009 wata masaniyar halayyar ma'aikata, Sophie Leroy, ta yi bayanin abin da ta kira ragowar hankali, wato yanayin da mutum zai bar wani aiki ya koma wani, amma wani ɓangare na tunaninsa ya maƙale a kan na farkon. Ɗalibin da ke tsakiyar lissafi, wayarsa ta yi ƙara ya buɗe ya tarar ana musu a kan wasan ƙwallon daren jiya ko wani sabon fim ɗin Kannywood, ya jefa tasa maganar ya kife wayar, idonsa ne kawai ya koma kan littafi, zuciyarsa tana can tana jiran raddin da za a yi masa. Abin da ke ƙara wa jiran ƙarfi shi ne rashin sanin lokacin da abin daɗi zai zo, kuma B. F. Skinner ya daɗe da nunawa a gwaje-gwajensa da tantabaru cewa sakayyar da ba a san lokacin zuwanta ba ita ce ta fi sa a nace wa aiki. Idan aka haɗa wannan da datar dare mai rahusa, wadda ke kwaɗaita wa matasa raba dare a kan waya, sai a ga barcin da ƙwaƙwalwa ke buƙata domin ta adana abin da aka karanta da rana shi ne ya fara salwanta.

Akwai dalilin da ya sa janyewa ta fi yi wa ɗan Bahaushe wuya, kuma dalili ne mai daraja. Zauren dangi ko na tsofaffin ɗalibai ko na unguwa shi ne yanzu inda ake sanar da haihuwa da ɗaurin aure da rasuwa, kuma wanda aka ga ya yi shiru a ranar ta'aziyya ana iya fassara shirunsa da girman kai ko yanke zumunci. Saboda haka ficewa a asirce kuskure ne, ko da WhatsApp ya ba da damar mutum ya fita ba tare da kowa ya samu sanarwa ba in ban da shugabannin zaure. Abin da ya dace shi ne sallama a fili, da faɗin dalili, da yanke wa'adi na ainihi kamar ranar rubuta takardar ƙarshe, sannan a wakilta wani ɗan'uwa ko aboki wanda zai kira idan wani babban abu ya faru. Keɓewa domin ilimi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, domin a tsarin tsangaya gardawa kan fita bayan gari zuwa kiskadi, wato keɓantaccen wurin da suke yin karatu nesa da hayaniyar jama'a, kuma babu wanda ya taɓa kiran wannan gaba da dangi. An san inda suke, an san abin da ya kai su, an kuma san za su dawo.

Ta fuskar aiwatarwa, ba a buƙatar goge komai. Facebook ya bambanta dakatar da shafi na ɗan lokaci da share shi gaba ɗaya, kuma na farkon ya wadatar, shi kuwa WhatsApp yana da hanyar kashe ƙarar zaure da ɓoye shi daga jerin hirarraki. Wanda ya san ba zai iya riƙe kansa ba, ya fi masa alheri ya miƙa babbar wayar ga mahaifiyarsa ya riƙe ƙarama mai madannai, amma ya kula da layinsa, domin da layin da aka yi rajistar JAMB ake duba sakamako ta gajeren saƙo. Zauren aji, inda ake sanar da jadawali da sauyin cibiya, ana iya ware masa kwata ɗaya bayan sallar Isha'i. Akwai kuma zaurukan da ke alƙawarin fitar da amsa kafin jarrabawa, waɗanda galibinsu damfara ce, su kam ficewa daga cikinsu ba ta da wa'adi.

Rufe waya ba shi ne karatu ba, kuma a nan ne da yawa ke yin asara bayan sun yi ƙoƙarin janyewa. Tun a shekarar 1885 Hermann Ebbinghaus na Jamus ya nuna cewa mafi yawan mantuwa tana faruwa ne jim kaɗan bayan koyo, kuma maimaici da aka rarraba a kwanaki ya fi wanda aka tara a zama ɗaya, sannan a 2006 Roediger da Karpicke suka nuna cewa wanda ya rufe littafi ya gwada tuno abin da ya karanta ya fi wanda ya sake karantawa riƙewa bayan mako guda. Mahaddata Alƙur'ani sun daɗe a kan wannan hanya, domin ba sa barin ƙari ya ture tishe, wato bitar abin da aka riga aka haddace. Ɗalibin da ya sayi lokaci da tsadar rabuwa da abokansa ya kamata ya kashe shi a kan amsa tsofaffin tambayoyi da agogo a gabansa, da bayyana wa wani abokin karatu darasi da baki, da kwanciya da wuri.

Sauran nauyin yana kan waɗanda aka bari a zaure. Shugabanni kada su cire wanda ya yi sallama da hujjar ba ya magana, abokai kuma su daina kiran sunansa a cikin hira ko bin sa da saƙon tambayar ina ya shige, iyaye su rage masa aike a waɗannan watanni. Duk wanda ƙaninsa ko ƙanwarsa ko ɗalibinsa ya nemi izinin tafiya karatu, ya amsa masa da Allah ya ba da sa'a, ya kuma bar shi har ya rubuta takardar ƙarshe.