Tsibirin Bali da Haikalinsa na Bakin Teku

Mazauna Agege sun san ƙasar Indunusiya fiye da yadda suke zato, domin taliyar Indomie da yaransu ke ci safe da yamma, wadda ake sarrafawa a nan kusa a Ota, asalinta daga can ne. Alhazanmu kuwa sun daɗe suna cuɗanya a Makka da mutanen tsibirin Jawa na ƙasar, waɗanda yawansu da natsuwarsu a wurin ɗawafi ba su ɓoyuwa ga kowa. Amma a cikin wannan ƙasa mai tsibirai fiye da 17,000, wadda ƙidayar 2020 ta nuna mutanenta sun haura miliyan 270, galibinsu Musulmi, akwai wani tsibiri gabas da Jawa mai suna Bali, inda fiye da kashi 80 cikin ɗari na jama'a mabiya addinin Hindu ne.

Dalilin haka yana cikin tarihi. Kafin Musulunci ya kafu a Jawa, daular Majapahit ce ke da mulki, addininta kuwa Hindu da Budda. Sa'ad da ƙarfinta ya ƙare a farkon ƙarni na 16, sarautar Musulunci ta Demak ta ɗaukaka, sai wasu daga cikin sarakuna da malaman tsohon addini suka ƙetara mashigin ruwa zuwa Bali da littattafansu da al'adunsu. A cikin waɗannan malamai akwai Nirarta, wanda mutanen tsibirin ke jingina masa kafa haikalin Tanah Lot, a gundumar Tabanan, kimanin kilomita 20 daga Denpasar, babban birninsu.

Haikalin nan a kan wani dutse yake zaune cikin Tekun Indiya, kuma abin ta'ajibinsa shi ne, idan teku ya cika sai ruwa ya kewaye dutsen ta kowace fuska har ya yanke shi daga tudu, idan kuwa ya janye sai mutum ya taka da ƙafarsa har gindinsa, inda wani marmaro na ruwan daɗi ke ɓuɓɓugowa alhali gishiri na kewaye da shi. A kogunan duwatsun akwai macizan ruwa masu zanen baƙi da fari, waɗanda ma'abota wurin suka yi imani su ne masu gadinsa. Sai dai raƙuman ruwa ba su san alfarma ba: sun yi ta zaizayar dutsen har ya fara rugujewa, aka gyara shi da rancen kuɗi daga Japan, ta yadda a yau wani kaso mai yawa na abin da baƙo ke gani aikin magina ne da aka ɓadda shi da kamannin dutse.

Magidancin da Allah ya hore wa, ya yi niyyar kai iyalinsa, zai tashi daga Ikeja ya yada zango a Doha ko wani birnin, sa'an nan ya sauka Denpasar. To, ina matsayin Musulmi a wurin bautar da ba tasa ba? A ganina lamarin mai sauƙi ne, domin su kansu masu haikalin sun shata iyaka: ba a barin baƙo ya hau cikinsa sai mai ibada. Kallo da i'itibari su ne rabon maziyarci. A bakin marmaron limamansu kan yayyafa wa mutane ruwa su manna musu ƙwayar shinkafa a goshi; wannan ibadarsu ce, sai a ƙi cikin ladabi a wuce, ba da ɗaure fuska ba. A kuma gargaɗi yara kada su tattake 'yan faya-fayan ganye masu furanni da ake ajiyewa a ƙasa, domin wulaƙanta abin da wani ke girmamawa ba ɗabi'ar mai tarbiyya ba ce.

Batun abinci yana bukatar lura, saboda gasasshen alade na daga cikin abincin da mutanen Bali ke alfahari da shi, amma rumfunan Musulmi masu alamar halal ba su da wuyar samu, kuma akwai tsofaffin unguwannin Musulmi da masallatansu a Gelgel da Loloan.

Wanda zai je ya binciki ranar Nyepi tukuna, wato sabuwar shekarar mabiya Hindu na Bali, wadda galibi kan faɗo a watan Maris: a ranar ba a kunna wuta, ba a aiki, ba mai fita titi ko da baƙo ne, har filin jirgin sama rufe shi ake yi na sa'o'i 24.